Yadda Ake Auna Ƙurar da Birkin Mota ke Fitarwa

Tambaya: Wani malami da ke koyar da gyaran mota a kwalejin fasaha ya rubuto cewa ya ji Turawa sun kafa doka a kan ƙurar birki, har sun yanka mata iyaka da miligiram. Ya ce hayaƙin inji dai an san ta salansa yake fita, ana iya zura masa na'ura a auna. To birki da ba shi da bututu, ƙurarsa kuma iska ce ke kwashewa, ta yaya ake kama ta har a ɗora ta a kan sikeli? Kuma alƙaluman da ake samu abin dogaro ne?

Amsa: Malam, tambayarka ta faɗa daidai kan inda wahalar take, domin rashin bututun nan shi ne ya sa masana suka shafe kusan shekara goma suna kai-kawo kafin su daidaita a kan hanya guda. Labarin da ka ji gaskiya ne. Dokar Tarayyar Turai da ake kira Euro 7, wadda aka zartar a 2024, ta ce daga ranar 29 ga Nuwamba 2026 duk sabon samfurin ƙaramar mota da za a ba lasisin shiga kasuwa kada ƙurar birkinta ta wuce miligiram 7 a kowace kilomita, idan kuma mai aiki da lantarki zalla ce kada ta wuce miligiram 3. Manyan motocin ɗaukar kaya na cikin wannan rukuni an ɗan sassauta musu zuwa 11 da 5. Daga 2035 kuwa miligiram 3 ɗin za ta hau kan dukkan ƙananan motoci. Ƙurar da dokar ke nufi ita ce wadda ake kira PM10, wato ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikiromita 10 ba, alhali kaurin silin gashin kai yakan kai maikiromita 50 zuwa 70.

Kafin a zo ga awo, ya kamata a san abin da ake aunawa. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 a awa tana ɗauke da ƙarfin da idan aka mai da shi zafi zai iya tafasa ruwa kusan lita biyu, kuma idan direba ya taka birki, kusan duk wannan ƙarfin yakan koma zafi cikin daƙiƙu kaɗan a wurin da fad ke gogar faifan birki, wanda ku a gareji kuke kira dis. Faifan ƙarfen zubi ne. Fad kuwa gauraye ne na abubuwa da yawa: zaren ƙarfe, jan ƙarfe a wasu, garin bariyom da ake cika shi da shi, girafait da sinadaran antimoni masu sa santsi, duka an ɗaure su da wani ƙaro na masana'anta. A kowane taki dukansu biyu suna cin juna. Wani ɓangaren abin da ya goge yana manne wa wili, shi ne baƙin da ke kama yatsa idan ka shafa wilin gaba, wani yana zuba a kwalta, sauran kuma, wanda bincike-bincike suka nuna yana kamawa daga kusan kashi ɗaya bisa uku zuwa rabi, yana tashi ya bi iska. Wannan mai tashin shi ne ke shiga huhu, shi ne kuma abin da ake nema a auna.

Dalilin da ya sa hankali ya dawo kansa a yanzu shi ne an ci ƙarfin hayaƙi. Tun da aka fara sa matatar toka a salansar motocin dizal na Turai, iyakar ƙurar salansa ta sauko zuwa miligiram 4.5 a kilomita, kuma motoci da yawa ba sa ko kusantar wannan adadi. Wani kwamitin masana da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan ingancin iska ya ba da rahoto a 2019 cewa kashi 73 cikin ɗari na PM10 da kashi 60 cikin ɗari na PM2.5, wato ƙwayoyin da ba su wuce maikiromita 2.5 ba, da zirga-zirgar titi ke fitarwa a ƙasar daga birki da taya da gogewar kwalta suke fitowa, ba daga salansa ba. Ke nan sabuwar mota tana iya fitar da ƙura ta ƙafafunta fiye da yadda take fitarwa ta bayanta.

Hanyoyin da aka fara bi wajen auna ƙurar birki suna nan har yanzu, kowace da amfaninta. Akwai masu kafa na'urar zuƙar iska a bakin titi mai cunkoso, kamar yadda aka daɗe ana yi a titin Marylebone na Landan, su tara ƙura su kai ɗakin bincike, su nemi bariyom da jan ƙarfe da antimoni, domin waɗannan su ne tambarin birki. Wannan yana nuna abin da mutanen unguwa ke shaƙa, amma ba ya cewa mota kaza ce ta fitar da kaza. Akwai masu rufe ƙafar mota da murfi su ja tiyo zuwa na'urorin da ke kujerar baya su hau titi, sai dai murfin yana hana birki shan iska, ƙurar titi kuma tana kutsawa. Akwai kuma ƙaramin gwaji da masu bincike a jami'ar KTH ta Sitokholm suka yi amfani da shi sosai, inda ake yanko guntun fad kamar kan yatsa a danna shi a kan ƙaramin faifai mai juyawa cikin akwati. Yana da araha, yana da kyau wajen kwatanta wannan haɗin da wancan, amma ba birkin gaske ba ne. Doka ba za ta tsaya a kan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da doka ta tsaya a kai shi ne ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 24, wadda ake taƙaitawa da GTR 24, da dandalin daidaita dokokin motoci na Jeniba ya amince da ita a watan Yunin 2023. Wani rukunin ƙwararru da ake kira PMP ne ya tsara ta, tare da cibiyar binciken Tarayyar Turai da ke Ispra a Italiya da kamfanonin motoci da na birki. Hikimarta a taƙaice ita ce, tunda birki ba shi da bututu, sai a gina masa. Ba a kawo motar sam. Ana ciro birkin ƙafa ɗaya, da faifansa da fad ɗinsa da abin da ke matse su, a ɗaura a kan wata na'ura da ake kira dainamomita, wadda babbar motar lantarki ke juyawa, aka kuma ɗora mata manyan faya-fayan ƙarfe masu nauyi, ko lantarkin ya kwaikwayi nauyin, yadda birkin zai ji kamar motarsa yake tsayarwa. Ana lissafa rabon nauyin da ke kan wannan ƙafar, tunda birkin gaba ne ke ɗaukar kusan biyu bisa uku na aikin ko fiye, sannan a rage kashi 13 cikin ɗari a madadin abin da iska da birgimar taya ke rage wa mota na gudu ba tare da an taka komai ba. Sai a rufe birkin ruf cikin akwatin ƙarfe mara tsatsa mai santsin ciki, iska tana shiga ta gefe ɗaya, ta ratsa faifan, ta fita ta ɗaya gefen zuwa cikin bututu. Iskar da ke shiga an tace ta sarai, an kuma tsayar da zafinta a digiri 23 da damshinta a kashi 50 cikin ɗari, kuma kafin a fara sai an tabbatar ba ta ɗauke da ƙurarta, don kada a ɗora wa birki laifin da ba nasa ba.

Daga nan sai batun irin tuƙin da za a kwaikwaya, wanda a ganina shi ne ya fi komai tasiri a kan sakamako. Masana'antar birki tana da tsofaffin gwaje-gwajenta, irin su AK Master, waɗanda aka tsara don a gano ko birki zai ci amanar direba a gangaren dutse, saboda haka suna gasa faifai zuwa ɗaruruwan digiri. Masu binciken farko da suka auna ƙura da irin waɗannan sun sami adadi mai ban tsoro wanda bai yi kama da tuƙin kowa ba. Shi ya sa injiniyoyin kamfanin Ford a Jamus suka koma ga taskar bayanan tuƙi na gaske da aka tara daga Turai da Amurka da Indiya da Japan da Koriya, fiye da kilomita dubu 700, suka fitar da tsarin da ake kira WLTP-Brake, aka wallafa shi a 2018. Tafiya ce ta kilomita 192 da aka raba gida goma, tana ɗaukar kusan awa huɗu da rabi ban da hutun da ake yi tsakani, da taka birki sau 303, matsakaicin gudu bai cika kilomita 44 a awa ba, mafi girma kuma 132.5. Abin da zai ba ka mamaki shi ne sanyin takin, domin yawancinsa irin wanda ake yi ne idan an hango danja daga nesa, babu ko ɗaya da ya kai na gaggawa. Haka mutane suke tuƙi a zahiri, ko da yake kowa takin gaggawa yake tunawa.

Ba a auna sabon birki daga fitowarsa daga kwali. Sai an maimaita wannan tafiya sau biyar tukuna domin fad ya zauna a kan faifai, kamar yadda kake gaya wa mai mota ya bi a hankali bayan ka canza masa fad, domin a wannan lokaci ne wani siririn shafi na kayan fad ke kwanciya a fuskar ƙarfen, kuma ƙurar da ke fita kafin ya kwanta ba ita ce ta rayuwar birkin ba. Zagaye na shida shi ne ake ƙirgawa. Birki ɗaya yana cin kwanaki, kuma mota tana da na gaba da na baya, a ƙarshe a ninka kowanne sau biyu a haɗa a sami na mota sukutum.

Zafi kuwa yana buƙatar a tsaya a kansa. Muddin faifai bai yi zafi sosai ba, ƙurar da ke fita ɓarɓashin gogewa ce, yawancin nauyinta yana tsakanin maikiromita 2 zuwa 6, kuma baƙin ƙarfe ne ya fi yawa a ciki. Amma da zarar zafin ya haura wata iyaka, wadda a fad da yawa take wajen digiri 170 zuwa 200, ƙaron da ya ɗaure fad ɗin yakan fara ruɓewa ya yi tururi, tururin ya huce a iska ya dunƙule ya zama ƙwayoyi masu ƙanƙantar da ba ta kai maikiromita ɗaya bisa goma ba, kuma yawansu yana iya ninkuwa sau ɗaruruwa ko dubbai cikin ɗan lokaci, alhali sikeli ba zai ga wani canji na a zo a gani ba saboda ba su da nauyi. To iskar da ke ratsa akwati aiki biyu take yi, tana ɗaukar ƙura tana kuma sanyaya faifai. Idan ɗakin gwaji ya buɗe ta da yawa, birki zai yi sanyi fiye da yadda yake a kan titi, idan ya rage ta, zai gasu ya fitar da abin da ba ya fitarwa a titi. Maganin da ƙa'idar ta kawo shi ne a binne ma'aunin zafi a jikin faifan dab da fuskar da fad ke gogawa, a kasa birkuna rukuni huɗu bisa nauyin da ƙafa ke ɗauka idan aka kwatanta da nauyin faifanta, a ba kowane rukuni zafin da ya kamata ya kai, sannan a yi ta maimaita tafiya ta goma, wadda ita ce mafi tsawo, ana daidaita iskar har zafin ya faɗa inda ake so. Daga nan ba a sake taɓa ta har gwaji ya ƙare.

Yanzu ƙura ta shiga bututu, saura a kai ta sikeli ba tare da ta zube a hanya ba, kuma a nan ne na ga ƙwararru suna tuntuɓe. Ƙurar salansa ƙanana ce ƙwarai, tana bin iska duk inda ta lanƙwasa. Ta birki tana da nauyi. Ƙwaya mai maikiromita 10 tana nitsewa ƙasa da gudun kusan milimita uku a kowace daƙiƙa, kuma idan iska ta sha kwana ita ba ta iya shan kwanar, sai ta wuce ta bugi bango ta manne. A wani ɗakin gwaji da na yi aiki, kafin a kafa wannan ƙa'ida, mun taɓa gwada wani fad muka sami adadin da ya yi ƙasa har muka fara murna. Da aka zo wanke kayan aiki, na kwance tiyon da ke kai iska ga matata, wanda aka lanƙwasa sau biyu don ya kauce wa ƙafar tebur, na zura auduga a kan tsinke na shafo cikin kwanar farko. Audugar ta fito baƙi ƙirin da ɗan ja-ja na tsatsa, da na kusantar da maganaɗisu kuma sai garin ya miƙe tsaye a kanta. Ƙurar da muke yaba wa fad ɗin da rashinta tana kwance a cikin tiyonmu. Mun zubar da sakamakon mako biyu, kuma tun daga ranar ban ƙara karanta adadi ba sai na fara tambayar yadda aka shimfiɗa bututu. Saboda irin wannan ne ƙa'idar ta hana kwana fiye da ɗaya a babban bututu, ta ce a bar tazarar da ta kai faɗin bututun sau shida kafin wurin ɗiba don ƙura ta gauraya daidai, ta kuma buƙaci kayan da ba sa tara lantarkin da ke jan ƙura.

Ba duka iskar ake tacewa ba, domin ɗaruruwan mita-kubik ne ke wucewa a kowace awa. Ana ɗibar kaɗan ne da ƙananan bakuna masu kaifin gefe da ke fuskantar iskar, kuma sharaɗin shi ne gudun iskar da ke shiga bakin ya yi daidai da gudun wadda ke wucewa ta gefensa. Idan bakin yana zuƙa da ƙarfi fiye da kima, yana janyo iska daga gefe, ƙananan ƙwayoyi su biyo ta, manya kuma su wuce abinsu, sai sakamako ya yi ƙasa. Idan yana zuƙa a hankali, iska tana kauce masa amma manyan ƙwayoyi suna faɗawa ciki da ƙarfin gudunsu, sai sakamako ya yi sama. Abin da aka ɗiba yana shiga wata 'yar na'ura mai siffar mazurari da ke juya iska kamar guguwa. Aikinta irin na mai shiƙar hatsi ne, mai nauyi ya faɗi, mara nauyi ya bi iska, sai dai a nan mara nauyin ake so. Biyu ake sawa, ɗaya tana barin abin da bai wuce maikiromita 10 ba, ɗaya kuma abin da bai wuce 2.5 ba, kowace ta zube a kan farar takardar tacewa mai faɗin milimita 47.

Don ka ga ƙanƙantar abin, ɗauki motar da ke kan iyakar doka daidai. Miligiram 7 sau kilomita 192 bai cika giram ɗaya da rabi ba ga ƙafafu huɗu, birki ɗaya na gaba zai ba da wajen rabin giram ne kawai, abin da ke isa takardar kuma bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba, wato miligiram ɗaya ko biyu ko 'yan kaɗan. Ana auna takardar kafin gwaji da bayansa a sikelin da ke gane maikirogiram ɗaya, wato kashi ɗaya bisa dubu na miligiram, a ɗakin da aka tsayar da zafinsa da damshinsa, bayan ta kwana a ciki ta saba da iskarsa. Ba a taɓa ta da hannu sai da hantsaki, ana kashe lantarkin da ke jikinta kafin a ɗora, har ɗan ɗagawar da iskar ɗaki ke yi mata sai an cire a lissafi. Idan ka riƙe ta bayan gwaji, za ka ga da'ira mai launin toka-toka a tsakiya da farin zobe a gefe inda marikinta ya danne, kuma bambancin nauyin nan, idan aka ninka shi da rabon iskar bututu da ta ɗiba aka raba da 192, shi ne miligiram a kilomita da doka ke magana a kai. Ana kuma auna faifai da fad kafin da bayan gwajin, domin idan sun rasa nauyi mai yawa amma takarda ta kama ɗan kaɗan, alama ce ƙura ta ɓace a hanya.

Ƙananan ƙwayoyin nan da sikeli ba ya gani ƙirga su ake yi. Sun yi ƙanƙantar da haske ba ya kama su, saboda haka ake ratsa su cikin tururin wani sinadari mai suna butanol, a sanyaya, tururin ya taru a jikin kowace ƙwaya kamar yadda raɓa ke taruwa a kan ciyawa da asuba, har ta girma ta zama ɗigon da hasken leza zai iya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Ana farawa daga nanomita 10, wato maikiromita ɗaya bisa ɗari. Layi biyu ake ja: ɗaya yana ƙirga komai, ɗaya kuma ana fara gasa samfurin a digiri 350 don duk mai narkewa ya tafi a bar masu tauri. Tazarar da ke tsakanin adadin biyu ita ce ke tona ko fad ya fara ƙonewa. Iyakar da doka ta sa daga 2026 ta nauyi ce kawai, kuma ni ina ganin wannan giɓi ne, domin ƙwayoyin da suka fi nisa a cikin huhu su ne waɗanda nauyi bai san da su ba.

Motar lantarki ta kawo tata matsalar. Yawancin tsayawarta injinta ne ke yi, yana mai da gudun wuta ya zuba a batir, fad ba ya taɓa faifai sai a ƙarshen tsayawa ko a takin gaggawa. Tunda a kan dainamomita birkin kaɗai aka ɗaura, ana gwada shi kamar na kowace mota, sannan a ninka sakamakon da wani kaso da ke nuna rabon aikin da birkin gogayya ke yi a zahiri. Ga motar fetur ko dizal kason cikakke ne, ga mai lantarki zalla bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, masu haɗa inji da batir kuma suna tsakani. Kamfanin da ke ganin motarsa ta fi haka yana iya gwada ta ya kawo nasa kason. Ina da ɗan ja a nan, saboda faifan da ba a yawan amfani da shi yana tsatsa, musamman a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin hunturu, takin farko kuma yana kankare tsatsar ya watsa a iska, abin da faifai mai tsabta a ɗakin gwaji ba zai nuna ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Volkswagen ya dawo da birkin ganga a ƙafafun bayan motocinsa masu lantarki ID.3 da ID.4, ga shi kuma ganga tana riƙe yawancin ƙurarta a ciki.

Dangane da ko alƙaluman abin dogaro ne, amsata ita ce e, amma a kan abin da aka yi su dominsa. Da aka zagaya da birkuna iri ɗaya ɗakunan gwaji fiye da goma a 2021 da 2022, an ga bambanci mai yawa tsakaninsu, kuma da aka bi diddigi an tarar waɗanda suka fi kaucewa su ne waɗanda ba su cika sharuɗɗan bututu da ɗiba ba, abin da ya sa aka ƙara tsaurara sharuɗɗan kafin a amince da ƙa'idar. Adadin GTR 24 mudu ne da kowa ya yarda a yi awo da shi, kuma da shi an riga an ga abubuwan da ba su da gardama. Fad mai yawan zaren ƙarfe da aka saba da shi a Turai, a kan faifan ƙarfen zubi, sau da yawa yana wuce miligiram 7. Fad mara zaren ƙarfe da aka fi amfani da shi a Japan da Amurka yana fitar da ƙasa da haka sosai. Faifan da aka lulluɓe da shafi mai tauri, irin wanda kamfanin Porsche ya fara sa wa motarsa Cayenne a 2017, yana rage ƙura ƙwarai, akwai kuma kamfanoni irin su Tallano na Faransa da suka ƙera na'urar zuƙe ƙurar daga bakin fad. Abin da mudun ba ya faɗa shi ne abin da wata mota takamaimai ke fitarwa a wata hanya takamaimai. Motar haya da aka yi wa lodi fiye da kima tana gangarowa daga tsaunin Filato da ƙafar direba a kan birki, da faifan da ya ci ya yi kwari da fad ɗin da ba a san wanda ya yi shi ba, ta fita daga cikin abin da aka gwada gaba ɗaya. Ba ya kuma faɗin gubar abin da ke cikin ƙurar, wannan wata doka ce daban, kamar wadda jihohin Kalifoniya da Washintan na Amurka suka kafa a 2010 ta rage jan ƙarfen fad zuwa ƙasa da kashi 5 cikin ɗari a 2021 da ƙasa da rabin kashi ɗaya a 2025, saboda yana bin ruwan sama ya shiga koguna ya cutar da kifi.

Idan kana son ɗalibanka su taɓa abin da hannunsu, Malam, ban ba ka shawarar sayen ƙananan na'urorin auna ƙura masu araha ka kafa kusa da ƙafar mota ba. Da haske suke aiki, an saita su da wata irin ƙura daban, ba su gane ƙurar ƙarfe mai duhu da nauyi yadda ya kamata, kuma a lokacin hunturu ƙurar da ke cikin iskar gari za ta binne ta birki baki ɗaya. Abin da za ku iya yi da kyau shi ne awon gogewa. Ku sami sikelin da ke gane kashi ɗaya bisa goma na giram, ku auna sababbin fad guda huɗu na gaba, ku rubuta lambar kilomita, bayan motar ta yi dubu biyar ko fiye ku ciro ku goge ku sake aunawa, ku raba bambancin da nisan. Ku yi haka da fad iri biyu a kan motoci iri ɗaya masu bin hanya ɗaya, ku auna kaurin faifan ma, domin wani fad yana ceton kansa ne ta hanyar cin faifai. Ku rubuta a saman takardar cewa gogewa kuka auna, ba ƙurar da ta tashi ba. Wajen cirowar kuma kada yaro ya hura ganga da baki ko da iskar kwamfuresa, ya jiƙa tsumma ya share ya kuma rufe hancinsa, domin har yanzu akwai ƙasashen da ake sa asbestos, wani ma'adini mai cutar da huhu, a fad da takalmin birki, kuma ba a gane shi da ido.